Yadda na Kai Gwiwar Tiyo Kano

Na daɗe ina ja da baya kafin in rubuta wannan. Tun da na komo daga Kano, duk wanda na gamu da shi a kasuwa ko a ƙofar masallaci sai ya tsayar da ni ya ce in ba shi labari. In na faɗa da baki kuma, nakan koma gida ina tunanin ko na ƙara wani abu ko na rage. Karatuna bai wuce lakwal, wato makarantar boko, ta Maraɗi ba, cikin labarin kuwa akwai maganar da ta fi ƙarfin wannan karatu. Amma akwai abin da nake nema wurin masu karatu, kuma ba yadda zan roƙe shi sai na faɗi mafari.

Ni ke riƙe da ɗakin kaya a gandun dashe da ke bakin tafkin Madarumfa, inda ake renon ƴaƴan mangwaro da lemu ana raba wa manoma. Bara aka kawo mana moter mai jan ruwa. Tiyon ƙarfe ya taso daga tafki ya miƙe gabas, da ya kai gindin wata tsamiya sai ya karya ya yi arewa wajen dashen. Lanƙwasasshen guntun da ke wurin karyawar shi muke kira gwiwa. An haɗa ta da sauran tiyon da roba, da zoben ƙarfe da ake matsewa.

Mai kula da moter yayana ne, Abdu, ɗan wan babana. Da masunci ne, sai ciwon ƙirji ya hana shi shiga ruwa, wannan aikin kuma shi ke ciyar da gidansa. Gwiwar nan ta yi ta fita. A tada moter, ruwa ya ɗan gudana, sai ta fizge, ruwan ya watse cikin yashi. Yaya Abdu ya matse zoben har ya ci robar. Daga baya ya yi mata abin da mukan yi wa ƙotar gatari in ta tsage: ya jiƙa fatar shanu, ya yanka ta tsiri-tsiri, ya naɗe mahaɗar, ya bar ta a rana. Ta bushe ta kama kamar ƙarfe, kowa ya yaba. Sai dai ƙotar gatari ba ta ɗiga. Da ruwa ya jiƙa fatar ta saki, gwiwar ta fita, ta bugi saiwar tsamiya ta tsage.

Babbanmu ɗan Dahome ne, Mushe muke ce masa, wato maigida da Faransanci. Ba mugu ba ne, shi ma akwai na sama da shi masu tambayarsa dashe nawa suka mutu. Ya ce Abdu ba ya ɗaurewa da kyau, za a sa sabuwa, in ita ma ta fita zai nemi wani. A Maraɗi ba a samu irinta ba. In aka jira ta zo daga bakin teku, bazara za ta cinye dashen. Sai ya ce in je Kano, tunda ina iya karanta takarda.

Na sa tsagaggiyar gwiwar cikin burgami. Mushe ya ce ba sai na ɗauke ta ba, awon da ya rubuta mini ya isa. Na ɗauke ta duk da haka. Lasfasa, wato takardar izinin ƙetare iyaka, na naɗe ta cikin tsumma na sa aljihun ciki, kuma kafin mu kai Ɗan Issa tare da wani mai jakuna na taɓa aljihun har ya tambaye ni ko ƙuma ke cizona.

A Ɗan Issa na canja kuɗina zuwa na Ingilishi wurin wani mutum a gindin bedi, wato dogon yaro, na je gidan duwan, inda ake binciken kaya a iyaka. Gardin da ke bakin ƙofa ya ɗaga burgamin, ya ji nauyi, ya zazzage shi. Ya ɗauki gwiwar ya leƙa ta wannan baki, ya leƙa ta wancan.

"Wanga in ba bakin igwa ba ne, mi ne?"

Na ce masa na tiyon ruwa ne, na gandun dashe.

"Saidawa za ka yi?"

"A'a, ranka shi daɗe. Ya fashe."

"To mi za ka yi da fasasshen ƙarfe a Kano?"

"Nunawa zan yi."

"Mutanen Kano ba su taɓa ganin abin da ya fashe ba?"

Ya kira abokin aikinsa, su biyu suka yi ta shawarar ko ƙarfen haja ne ko ba haja ba. A ƙarshe suka ce in wuce, amma in na dawo da biyu za su san na yi ciniki. Wannan magana ta zauna mini a rai har Kano.

Na samu wuri bayan wata kamiyo, wato babbar motar kaya, mai ɗauke da wake da ƙiraga. Da yake ni na hau ƙarshe, na zauna can gefe, jikin katako. Kusa da ni wata tsohuwa ce ƴar Gabi mai kai daddawa Katsina. Muna wuce iyaka sai na ga direba ya bar dama ya koma hagun hanya. Na jira ko zai gyara. Da bai gyara ba na miƙe zan buga masa rufi, sai tsohuwar ta ja mini riga.

"Zamna, ɗana. Ƙasar Ingilishi ke nan. Nan ta hagu akan bi."

"Inna, to in wata ta taho fa?"

"Ita ma tana tata hagun. Kai dai riƙe ƙarhenka, ya dame ni a haƙarƙari."

Na zauna, amma duk motar da ta ɓullo gabanmu sai na rufe ido.

Abin da ya fi damuna shi ne kwana. Duk sa'ad da kamiyo ta karya, mutanen da ke baya da buhunansu sai su taho gaba ɗaya su danne ni jikin katako, in kwanar ta wancan gefen ce. Katakon kuwa da igiya aka ɗaure shi a wuri guda, ina jin yana kuka. Ba wanda ya tura ni da gangan. Kowa yana cewa a yi haƙuri, shi ma turo shi aka yi. A Jibiya muka kafe cikin yashin gulbi, wannan gulbin dai da ke wucewa ta wajenmu. Maza suka sauka aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin ƙafafun mota aka tura. Na tura da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da burgami.

Na kwana a tashar Katsina. Maganarsu kusan tamu ce, tuwonsu ma haka, ban ji baƙunta ba. Washegari na shiga motar Kano, a can ne na san na bar gida. Na sauka Fagge gidan Malam Tanko, wani mutumin Tibiri da ya daɗe can yana saukar da mutanen ƙasarmu. Ya ba ni tabarma a zaure tare da wasu fatake biyu. Ƴan unguwa in na ce kamiyo ko lakwal sai su yi dariya su sa in sake faɗa. Bafaranshe suke kirana, ni da ban taɓa wuce Maraɗi ta arewa ba.

Burodinsu ba irin dogon nan mai ɓawo na Maraɗi ba ne, mai taushi ne da zaƙi, ka matse shi a hannu ya koma kamar ƙwai. Gurasa na fi so. Kifi kuwa sai busasshe, da na ce a garinmu da safe ake fitar da shi yana motsi, mai sayarwar ya ce to in koma can in ci. Abin da ya fi ba ni mamaki ruwa ne. A bakin titi akwai famfo, a murɗa ya zubo, ba guga ba igiya, amma sai an biya. A wajenmu in mutum ya roƙi ruwa aka ce ya kawo kuɗi, za a yi shekara ana zancen. Su kuwa ba su ga komi a ciki ba. Na lura kuma a cikin birni ba a cika ganin matan aure a waje ba, alhali namu da damina kowace tana gonarta.

Neman gwiwa bai yi wuya kamar yadda na zata ba. A kantin wani Kwara, cikin Larabawan nan masu kantuna, na miƙa awon da Mushe ya rubuta, mai kanti ya ce shi bai san milimeta ba, inci nawa nake so. Ban taɓa jin inci ba. Sai na fito da tsagaggiyar, ya sa aka kawo masa guda uku, muka gwada baki da baki, ɗaya ta yi, bambancin bai wuce kaurin farce ba. Ya ce roba za ta shanye wannan. Na saya, na fito ina tunanin kaurin farcen.

A hanyar komawa masauki na bi ta wajen tashar jirgin ƙasa, inda ake tara buhunan gyaɗa kamar duwatsu. Na tarar da ƴan kashe gobara suna gwaji. Suna da tiyo mai laushi, bakinsa na tagulla siriri. Mutum uku suka riƙe shi, na gaba ya turje ƙafa ɗaya baya, biyun suka jingina da shi. Na ce a raina abin da bai fi hannuna kauri ba mi ya kai mutum uku. Da aka saki ruwa sai na ga dukansu sun ja baya taki guda, kamar an bangaje su. Ruwa gaba yake tafiya, su kuma baya yake tura su. Can sai ƙafar na gaba ta zame a laka, tiyon ya kuɓuce, ya shiga bulala hagu da dama. Mutane suka watse. Ni nauyin ƙarfe biyu ya hana ni gudu, ruwan ya same ni a ƙirji ya zaunar da ni ƙasa.

Ban ji ciwo ba, amma lasfasa ta jiƙe. Na shanya ta a zauren Malam Tanko na danne da duwatsu, na zauna ina tsaron ta kada akuya ta ci. Hatimin ya ɗan baje, sunana dai yana karantuwa. Ina zaune nan na tuna in masunci ya yi tsalle daga jirgi zuwa gaɓa, jirgin baya yake yi. Na ga kamar abu ɗaya ne da na tiyon, amma ban iya haɗa su ba.

Malam Tanko ya gaji da ni. Ya ce tun da na zo ba ni da zance sai in sabuwar ta fita fa, in sabuwar ta fita fa. Bayan la'asar ya kai ni wurin maƙwabcinsa, Malam Inuwa, wanda ke aikin haɗa bututu a ma'aikatar ruwan gari. Muka same shi a ƙofar gida yana gyaran kekensa. Bayan gaisuwa na ba shi labari, har da tiyon ƴan gobara da fatar shanu. Ya yi dariya, ya ce su ma a garin kakanninsa haka za su yi.

"In ta fita, ina take faɗawa?"

Na yi tunani na ce kullum wuri ɗaya, kudu maso gabas, bayan kwanar.

"Mene ne a bayan nata?"

"Ba komi, Malam. Yashi."

"To. A mota ka zo ko? In ta sha kwana ina kuke faɗawa?"

Na ce jikin katako na waje, har yanzu haƙarƙarina na ciwo.

"Ruwan cikin bututu su ne ku. Gwiwa ita ce katakon. Ruwa ya taho da nauyinsa da gudunsa ya nufi gabas, gabas ɗin yake son ci gaba. Kai ka ce a'a, arewa za ka. Tafiyar gabas ɗin nan da ya ɗauko ba ta ɓacewa, gwiwar yake bar wa ita. Sannan gwiwar ce za ta tura shi arewa, shi kuma ya tura ta kudu, kamar yadda ka ce ya yi wa ƴan gobara. Gabas da kudu, ga inda take faɗawa nan."

Na ce to ai shi ya sa Yaya Abdu yake matsewa.

"Matsewa ɗiga take hanawa. Ba a ɗaure katakon mota da zare a ce an gama. Mu duk inda bututu ya karya, sai mun zuba masa siminti da tsakuwa a baya, ya sami abin jingina. Turin ya bi ta simintin ya shiga ƙasa, ƙasa kuwa ba ta damu ba."

Ya ce abu biyu ne ke tura gwiwa, ina faɗa kamar yadda na riƙe. Akwai matsin ruwan, wanda ko a tsaye yake yana turawa. Akwai kuma gudunsa. Na gudun shi ne mai saurin girma: in gudu ya ninka, ruwan da ke isowa ya ninka, kowane ɗigo kuma ya zo da ninkin ƙarfinsa, turin ya zama huɗu ke nan. Na sa ya maimaita wannan, na kuma faɗa masa da bakina ya ce haka ne.

Sai na tambaye shi girman simintin.

"Injin naku garwa nawa yake turowa a minti?"

Ban sani ba.

"Tudu yake hawa ko shimfiɗe?"

Na ce yana ɗan hawa, ban san ko nawa ba.

"To ba zan ba ka lissafin ƙarya ba. Yi shi babba."

"Babba kamar mi, Malam?"

Ya dubi Malam Tanko ya ce, "Ya yi shi daidai girman tsoronsa, zai isa." Suka yi dariya su biyu. Na gode masa, muka tashi.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Na zauna tsakiyar mota. A Ɗan Issa wani gardi dabam na tarar, bai ko buɗe burgamin ba, ya dubi lasfasa ya ce wa ya yi mini wanki da ita. Duk bayanin da na shirya tun Katsina a kan ƙarfe biyu ban faɗe shi ba.

Na gaya wa Mushe abin da na ji. Ya saurara har ƙarshe, ya zana kwanar a ƙasa da tsinke, ya ce maganar tana da hanya. Siminti kuwa rabin buhu kawai ke ɗakin kaya, ni na fi kowa sani. Ya ce a yi da shi. Muka haƙa rami bayan gwiwar, muka jera marmara da muka ɗauko da jakuna, muka cike tsakani da simintin da tsakuwa. Tsayinsa ya kai cinyar mutum, faɗinsa hannu biyu a buɗe bai kai ba. Muka bar shi ya sha iska. Ranar da aka tada moter na tsaya nesa, na ga gwiwar ta ɗan motsa ta jingina, ta tsaya. Tun ranar ba ta fita ba. Dashen da suka rage sun farfaɗo.

Na tambayi Mushe ko yanzu ya yarda ba laifin Yaya Abdu ba ne. Ya ce sabuwar gwiwa ce, sabuwar roba, sabon dutse, shi bai san wanne ya yi aikin ba. Maganarsa tana nan: in ta fita, zai nemi wani.

Ga abin da ya sa na rubuta. An gaya mana bayan damina za a ɗauke wannan moter a kai wani wuri, a kawo mana wanda ya fi shi, domin za a faɗaɗa gandun. Tiyon kuwa shi ne dai, gwiwar ita ce. Mushe ya ce sabon zai turo kusan ninkin ruwan na yanzu. In na fahimci Malam Inuwa daidai, rabon gudu a cikin turin zai zama huɗu, na matsi kuma ban san yadda zai zama ba. Dutsen da muka yi da ido muka yi shi, a cikin yashin bakin tafki, wanda in ruwa ya cika yakan jiƙe har ƙasa. Na nuna wa Yaya Abdu wannan, ya ce Allah na nan. Amma na lura tun da aka yi zancen, in ya tada moter sai ya zo ya zauna bisa dutsen, ya ce nauyinsa ma ƙari ne. Na hana shi, ya ƙi.

Saboda haka nake roƙo. Duk wanda ya karanta wannan, in ya san yadda ake lissafin girman abin da za a jingina wa gwiwar tiyo, ko ya san wanda ya sani, ya taimaka ya aiko mini. Bakin tiyon milimeta ɗari ne, kwanar cikakkiya ce, daga gabas zuwa arewa, ƙasar yashi ce. Ina son sanin buhun siminti nawa zan roƙa, da zurfin ramin, da ko marmara tana isa ko sai an nemo dutse mai nauyi. In akwai abin da ya kamata in auna tukuna, a gaya mini yadda ake auna shi da garwa da agogo, zan auna. A ba kowane direba mai bin hanyar Ɗan Issa, a ce a kai wa mai ɗakin kaya na gandun dashe a Madarumfa, zai iso ni. A daure ya zo kafin a yanke hatsi, domin siminti yana son lokacin bushewa, kuma ina son ranar da za a tada sabon moter a ce Yaya Abdu yana tsaye can wajen tafki, ba bisa dutsen ba.